Zanen da kakanmu ya yi a bangon zaure: lissafin rana ne ko camfi?

Abu_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A zauren gidanmu na gado akwai wata 'yar taga ta gabas, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. A bangon da ke kallonta, marigayi kakanmu ya yi zane uku da ƙusa. Da sassafe hasken rana kan shigo ta tagar ya sauka a bangon, kuma wurin saukarsa ba ɗaya ba ne duk shekara. A tsakiyar sanyi yana kan zanen arewa, farkon damina yana kan na kudu. In ya baro na arewa ya iso na tsakiya, sai tsohon ya ce a fara sharar gona da kai taki. Jiya na nuna wa wani abokina da ya yi jami'a, ya yi dariya ya ce irin abin masu bautar rana ne na Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu a Ingila, wai kimiyyar sararin samaniya ba ta fara ba sai da Turawa suka ƙera madubin hangen nesa. Abin ya tsaya mini a rai. Shin kallon rana da mutanen da suka yi yana da wata alaƙa da abin da su NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ke yi yau, ko kowa da hanyarsa?

Malamin_Fiziks:
Wa alaikumus salam. Malam Abu_Khalil, kada ka bari a shafe bangon nan da siminti. Abin da kakanku ya yi awo ne. Duniya a karkace take da digiri 23.4, shi ya sa mafitar rana ke yawo. A daidai Kano, wajen 21 ga Yuni tana fitowa kimanin digiri 24 arewa da gabas, wajen 21 ga Disamba kuma kimanin digiri 24 kudu da gabas. Zanen tsakiya shi ne na wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba, lokacin da dare da yini ke kusan daidaita. Tsohon bai san digiri ba, amma ya kama iyakokin biyu da tsakiyarsu, kuma ba a samun haka sai an yi shekaru ana lura.

Bagobiri77:
Allah ya jiƙan mazan jiya. Mu yanzu in waya ta mutu ko ranar mako ba mu sani ba.

Sarkin_Shakka:
Ni dai ina bayan abokin nan naka. Lura daban, kimiyya daban. Zakara ma ya san asuba ta yi, ba a ce masa masani. Mutanen nan sun ga rana tana yawo amma ba su san dalili ba, wasu ma cewa suke allahnsu ne ke tuƙa jirgin ruwa a sama. Me hukumar da ta aika kumbo kusa da rana za ta koya a wajen mai zane da ƙusa?

Yar_Zazzau:
Yaya Sarkin_Shakka, zakara ba ya gina hasumiya goma sha uku. A ƙasar Feru akwai wani wuri, Chankillo, an jera hasumiyoyi 13 a kan doron tudu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. In ka tsaya a wurin da aka tanada domin kallo, za ka ga rana tana fitowa daga wannan giɓi zuwa wancan, daga hasumiyar farko zuwa ta ƙarshe, ta kuma dawo, cikin shekara guda. Wato zanen kakan Abu_Khalil ne aka yi da duwatsu. UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2021. A Ailan kuma akwai Newgrange, wanda ya girmi manyan dalar Masar, an gina shi wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sun bar wata kafa a saman ƙofa, hasken fitowar rana ba ya ratsawa har ƙuryar ɗakin sai a 'yan kwanakin tsakiyar hunturunsu, na kimanin minti 17. Wannan ba dace ba ne.

Sarkin_Shakka:
Na ji, amma Newgrange ɗin kabari ne, ko ba haka ba? To addininsu suke yi.

Yar_Zazzau:
Kabari ne. Amma don mutum ya yi abu saboda addininsa, ba shi ke nuna awonsa ƙarya ne ba.

Abban_Sumayya:
Ni abin da na gani da idona zan faɗa. Lokacin da nake karatu a Masar mun je Abu Simbel, can kudu kusa da iyakar Sudan. Fir'auna Ramsis na biyu ya sa aka sassaƙa haikalin a cikin dutse. A can ƙurya akwai gumaka huɗu a zaune. Sau biyu a shekara, wajen 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, hasken safiya kan bi dogon zauren ya haska uku, na huɗun, gunkin allahnsu Fitah, ya zauna cikin duhu. A shekarun 1960 da ruwan madatsar Aswan zai cinye wurin, sai da aka yayyanka haikalin gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi sama, injiniyoyin kuma suka yi ta fama don kada fuskarsa ta kauce wa rana. Mai yi mana jagora ya ce ranakun biyu su ne ranar haihuwar Ramsis da ranar naɗinsa.

Tsoho_Mai_Tarihi:
Ɗana Abban_Sumayya, shigar hasken gaskiya ne, amma zancen ranar haihuwa da ranar naɗi ba shi da hujja a rubuce, masu jagorar baƙi ne ke ƙawata labari. A nan ne nake ba Sarkin_Shakka rabin gaskiya. An cika ƙari a wannan fanni. Duk inda aka ga duwatsu uku a jere sai a ce ɗakin binciken taurari ne. Ko macijin inuwa da ke sauka a matakalar dalar Chichen Itza a Meziko, masana na gardama kan ko da gangan aka yi shi don ranar daidaituwar dare da yini, domin ana ganinsa makonni kafin ranar da bayanta. Nabta Playa da ke hamadar kudancin Masar ma, da'irar duwatsun ta kai wajen shekara 7,000, amma ba duk abin da ake jingina mata ne aka yi ittifaƙi a kai ba.

Ustaz_Nuhu:
Jama'a a yi hattara, kada hira ta kai mu ga yabon shirka. Malamai sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na tasiri, wato a ce tauraro kaza ne ke kawo arziki ko mutuwa, wannan haramun ne, shi ne aikin masu duba. Akwai na tasyiri, wato sanin tafiyar rana da wata don gane lokaci da alƙibla da yanayi, wannan halal ne, wani ɓangarensa ma dole ne. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana a Madina, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Manzon Allah ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Zanen kakanka Abu_Khalil yana gida na biyu, matuƙar bai ce rana ce ke ba da ruwa ba.

Malamin_Fiziks:
Allah ya gafarta Malam, ƙari a kan wannan: masu lissafin falaki na yau sun koma baya da lissafi sun samu kusufin da aka gani a Madina ranar 27 ga Janairun 632, kuma shi ake ɗauka a matsayin na wannan rana.

Maman_Ilham:
Ustaz ka tuna mini da mahaifinmu. Shi ne ladan a ƙauyenmu kafin lasifika da agogon waya. Yakan fita fili ya tsaya, ya sa alama a inda inuwar kansa ta ƙare, sannan ya auna da tafin ƙafa, dunduniya na taɓa yatsa. Yana cewa tsawon mutum ƙafa bakwai ne da ƙafarsa. In inuwa ta daina raguwa ta fara ƙaruwa, zawali ya yi, a kira azahar. La'asar kuma sai an ƙara ƙafa bakwai a kan inuwar zawalin. Abin da ban gane ba ina yarinya shi ne me ya sa da sanyi yake ƙirga har sha biyu, da bazara kuma bakwai da ɗan abu. Na ɗauka son ransa yake yi.

Malamin_Fiziks:
Hajiya, Baba daidai yake ƙirgawa. A Disamba, da tsakar rana a yankin Kano rana tana karkace kudu sosai, inuwar zawali takan kai kusan ƙafa biyar cikin bakwai ɗin nan. Biyar da bakwai, sha biyu. Wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta kuwa rana kan bi ta tsakar ka, inuwar zawali ta ɓace ƙarƙashin ƙafa, sai la'asar ta zama bakwai cif. Manhajar lokutan salla da ke wayarki wannan lissafin take yi, ta mayar da shi lambobi ne kawai.

Dan_Agadas:
Mu nan Agadas ɓacewar inuwar takan zo a farkon Mayu da farkon Agusta, tunda mun fi ku arewa.

Bagobiri77:
Ashe shi ya sa Afrilu ke gasa mu, rana ta matso kusa.

Malamin_Fiziks:
A'a Bagobiri, ba matsowa ta yi ba, miƙewa ta yi a kanmu. Abin mamaki ma, duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, lokacin da kake rawar ɗari da hunturu. A farkon Yuli take fi nisa, wajen miliyan 152.

Sarkin_Shakka:
Duk na ji, amma ba a amsa tambayar ba. Abu_Khalil cewa ya yi alaƙa da kimiyyar YAU. Ku nuna mini abu ɗaya da masanin zamani ya rasa sai a wajen mutanen da.

Dokta_Falaki:
Tun ɗazu nake karantawa, wannan tambayar ce ta fito da ni. Ga guda ɗaya, kuma babba.

Marubutan Babila, a Iraƙi ta yau, sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta abin da suka gani a sama a kan allunan laka, dare da rana. Niyyarsu duba ce, suna neman alamun abin da zai sami sarki, wannan ba a musu. Amma sun rubuta kwanan wata da lokaci. Akwai allon da ya bayyana kusufin da rana ta rufe ruf a Babila ranar 15 ga Afrilu, shekara 136 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har ya ambaci taurarin da suka bayyana da rana tsaka. Da masana na zamani suka sa kwamfuta ta koma baya, bisa zaton cewa duniya tana juyawa da saurin da take yi yau, sai inuwar kusufin ta faɗa can yammacin tekun Bahar Rum, wajen tsibiran Sifen, ba Babila ba. Tazarar ta fi ta awa uku na juyawar duniya. To ko dai marubucin ya yi ƙarya, ko kuma juyawar duniya tana raguwa. Da aka haɗa da rubuce-rubucen Sin da na Larabawa, irin kusufin da Ibn Yunus ya auna a Alƙahira a 977 da 978, sai duk suka nuna abu guda: tsawon yini yana ƙaruwa da kusan kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa a kowace shekara ɗari. Babban dalilin shi ne jan da wata ke yi wa ruwan teku, yana yi wa duniya birki a hankali.

Agogon atam, wanda ya fi kowane agogo daidaito, da muke taƙama da shi bai kai shekara ɗari ba. Ba yadda za a yi ka auna canjin shekara dubu biyu da shi. Sai da allon laka.

Sarkin_Shakka:
To wannan kam ta shiga. Amma ka lura, su ba su san abin da suke tarawa ba. Bature ne ya zo ya fitar da ma'anar.

Dokta_Falaki:
Wani abin sun sani. Su suka gano cewa kusufi yana maimaituwa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kimanin awa 8. Har yau da wannan zagayen ake jera kusufi gida-gida, ana kiransa Saros. Gwada da wanda muka gani: 29 ga Maris 2006. Ƙara zagaye ɗaya, ka samu 8 ga Afrilu 2024, wanda ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Awa takwas ɗin nan ce ta tura shi yamma da sulusin duniya. Kuma minti 60 da daƙiƙa 60 da ke agogon hannunka, da digiri 360 na da'ira, gadon lissafin Babila ne.

Maman_Ilham:
Wayyo 2006! Ina Gusau lokacin, ranar Laraba ce da hantsi. Gari ya yi duhu kamar magariba, kaji suka nufi akurki, iska ta yi sanyi. Maza suka tafi masallaci sallar kusufi, yara kuma suna ta buga gwangwani wai rana ta yi zazzaɓi. Wata maƙwabciyarmu ta kulle 'ya'yanta a ɗaki tana kuka, ta ce tashin duniya ne.

Injiniya_Sola:
Mu a Katsina muka gan shi. Don Allah in za a sake, kada wanda ya kalla da gilashin da aka shafa wa hayaƙin fitila ko baƙin tabarau. Wani ƙanena ya yi haka, ya yi makonni yana ganin ɗigo a tsakiyar idonsa. Akwai tabarau na musamman, in babu a huda takarda a kalli hoton ranar a ƙasa.

Af, game da ainihin maganar: ni kullum da lissafin kakan Abu_Khalil nake cin abinci. In zan kafa farantin sola a nan Arewa, kudu nake fuskantar da shi da ɗan karkata kaɗan, digiri 10 zuwa 15. Na taɓa zuwa gyara wani gida da aka kafa musu a watan Yuni, mai aikin ya ga wurin fes babu inuwa. Da Disamba ta zo rana ta koma kudu, tankin ruwan maƙwabci ya rufe rabin farantan tun ƙarfe biyu. Da ya tambayi tsohon unguwar da ya gaya masa.

Dan_Agadas:
Dokta, tsofaffinmu suna ba da labarin wani na 1973 da ya fi na 2006 daɗewa. Yana cikin lissafin nan naka?

Dokta_Falaki:
Ƙwarai. 30 ga Yuni 1973, kuma a arewacin Nijar ya fi daɗewa, minti 7 da 'yan daƙiƙu. Masana sun bi inuwarsa da jirgin sama mai gudun gaske, Concorde, suka samu minti 74 cikin duhun, suka sauka a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Gidansu ɗaya da na 29 ga Mayu 1919, wanda masanin taurari na Ingila, Eddington, ya auna a tsibirin Principe, nan kusa da mu a tekun Gini, aka tabbatar da maganar Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari. Ka ƙirga: 1919, 1937, 1955, 1973, 1991, 2009, sai 2 ga Agusta 2027. Wannan na 2027 zai rufe rana ruf a Luksor ta Masar fiye da minti 6, zai kuma bi ta Jidda da Makka.

Ustaz_Nuhu:
Allah ya nuna mana. Amma Sarkin_Shakka, ka daina cewa Bature ne kaɗai. Tsakanin Babila da Bature akwai ƙarnoni na malaman Musulunci. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya yi awonsa a Raƙƙa ta Siriya, ya ce shekarar rana kwana 365 ce da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24. Kuskurensa minti biyu ne da 'yan daƙiƙu, ba tare da madubi ba, kuma Kopanikas, Baturen da ya ce duniya ce ke kewaya rana, ya ambace shi a littafinsa. Ibn al-Shatir kuwa aikinsa ma shi ne kula da lokutan salla a Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, ya yi wa hasumiyar masallacin agogon inuwa wajen 1371. Aikin mahaifin Maman_Ilham ne, aka ba shi kayan aiki da albashi.

Tsoho_Mai_Tarihi:
Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Malaman zaure suna da lissafin taurari 28, kowanne kwana 13, sai Jabha mai 14. Ku buga: 365. Shekarar rana ce cif, ba ta wata ba, shi ya sa manomi ke aiki da ita. Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, haka ake jero na damina. Daga Larabawa muka karɓa, aka daidaita da ruwanmu. Sannan akwai Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimin lissafi da ilimin taurari. Ko da yake, Ustaz, in ka buɗe nasa za ka tarar gida biyun nan da ka raba a cakuɗe suke.

Ustaz_Nuhu:
Haka ne Baba, shi ya sa ake tacewa.

Yar_Zazzau:
Akwai kuma Iratostinis na Iskandariyya, wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ji cewa a Aswan akwai ranar da inuwa ke ɓacewa da tsakar rana, alhali a garinsu a ranar tana karkata da kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Da wannan ya lissafa kewayen duniya. Dan_Agadas da mutanen Kano za su iya maimaitawa da sanda biyu da waya.

Dan_Agadas:
Na yarda, a sa rana. Sanda dai ba ta gagare mu ba.

Sarkin_Shakka:
Ban sauka gaba ɗaya ba fa. Kumbon Parker da aka harba a 2018 ya kusanci rana da kilomita miliyan 6.1 a Disambar 2024. Iskar hiliyom a hasken rana aka fara gano ta a 1868, kafin a same ta a ƙasa a 1895. Sanin abin da rana ta ƙunsa da yadda take ci, ba inuwa ce ta ba da shi ba. Mutanen da sun san INA rana take da YAUSHE. Ba su san MECE CE ita ba.

Dokta_Falaki:
Wannan rabon naka ya yi kyau, ban ƙi shi ba. Sai dai ko a nan akwai ɗan zare. Masanan fadar Sin sun rubuta ganin baƙin tabo a fuskar rana tun shekara 28 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna hango shi in ƙura ko hazo ya dusashe ta. Zagayen shekara 11 na waɗannan tabo sai a 1843 wani Bajamushe, Schwabe, ya gano shi, kuma masu son sanin halin rana kafin zuwan madubi suna komawa ga rubutun Sin da Koriya. Ba wasa ba ne, guguwar rana, wadda ke da alaƙa da waɗannan tabo, ita ce ta kashe wutar lardin Kebek na Kanada a Maris 1989.

Bagobiri77:
Mu namu ba ya jiran guguwar rana.

Abu_Khalil:
Na gode ƙwarai jama'a, na tura wa abokin nawa duka, ya ce zai shigo da kansa. Wata tambayar kuma: masallacin unguwarmu ana ta gardama kan alƙiblarsa, wasu sun ce magina mafitar rana kawai suka bi. Akwai yadda za a gane ba tare da manhaja ba?

Malamin_Fiziks:
In da sanyi suka bi mafitar rana, sun kauce da yawa. Alƙiblar Kano tana wajen digiri 22 arewa da gabas, rana kuma a Disamba kudu da gabas take fitowa. Hanya mai sauƙi: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, ko 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana saman Ka'aba daidai. Ka rataya igiya da dutse a ƙarshenta a filin masallacin, ka ja layi a kan inuwar igiyar. In ka tsaya a kan layin kana fuskantar ɓangaren da rana take, kana kallon alƙibla.

Ustaz_Nuhu:
Amma ka fara sanar da liman da dattawan unguwa kafin ka ja layin, kada gyara ya zama rigima.

Maman_Ilham:
Abu_Khalil, in ka je gida ka ɗauko mana hoton bangon nan da safe, mu ga inda hasken yake yanzu.